Hannun da Kuka Bari a Kan Kafaɗarta

Zuwa ga Alhaji, mai maɗaba'ar da ta buga littafin nan mai hoton mace a bakin jirgin ƙasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Allah ya ƙara buɗi.

Sunana Rukayya, matar aure ce ni a Kafanchan. Ba zan ambaci sunan littafin ba, domin na yi magana da marubuciyar, ta rantse mini ba ta ga bangon ba sai da littafin ya shiga kasuwa. Kai dai ka san wanda nake nufi. Na rubuto a fili ne saboda na bi ta waya ban samu mai saurarena ba, kuma zama ya gagare ni.

Na farko. Ranka ya daɗe, ni ba baƙuwarku ba ce. Tun ina makaranta nake karanta littattafanku, da na haya da na saye. Da aka kawo ni gidan miji, akwatin littattafaina ya fi na zannuwa nauyi, har dangin miji suka yi ta tsiya. Maigidana fataucin citta yake yi, yakan kwana biyu a Kachia, ya bar ni da ɗaki da littafi. Idan na so labari, shiga cikinsa nake yi gaba ɗaya. Na sha ƙona miya saboda wani ya ƙi faɗa wa wata yana sonta.

Wannan littafin kuwa bangonsa ne ya fara kama ni. Mace ce Baturiya, siririya, sanye da doguwar kwat, riƙe da ƙaramin akwati, tana tsaye a ƙofar tarago ta waiwayo. Idanunta sun cika da ruwa. A ƙirjinta akwai tauraro mai ruwan zinariya. A kan kafaɗarta akwai hannun namiji, hannun kawai, ba a ganin mai shi. Kun shafa mata jan baki, kun zuba furanni a ƙasan hoton. Na ce a raina, wannan masoyinta ne yake riƙe ta kada ta tafi. Na yi ta kallonta har na haddace yadda ta karkata wuya.

Na biyu. Wataƙila ba ka san abin da muke yi da bangon littattafanku ba. Kwaikwayonsu muke yi. A nan garin muna da tsohuwar tashar jirgi da taragun da suka daɗe a ajiye, masu aure suna zuwa ɗaukar hoto a wurin. Da muka cika shekara da aure na matsa wa maigida sai mun yi irin na littafin. Ya ce shi ba ɗan fim ba ne, na yi ta naci har ya yarda. Na ari kwat, na sa tela ya yanko tauraro mai ƙahoni shida daga rawayan ƙyalle ya ɗinka mini a ƙirji. Na ɗauki akwati, na tsaya a ƙofar tarago na waiwayo, shi kuma ya ɗora hannu a kafaɗata. Aka wanke hoton babba, aka sa a gilashi, na rataye a falo.

Na uku, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni. Ina da maƙwabciya, Mama Tabitha, 'yar Kagoro, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Ita ce uwata a garin nan. Ita ta koya mini gwaten acca, ita ta yi jinyata da na yi zazzaɓi maigida ba ya nan. Idonta ya yi rauni, saboda haka kullum bayan la'asar takan shigo in karanta mata littafi. Tana dariyar samarin cikin labarin, wai duk masu kuɗi ne, kuma ba a taɓa ganinsu a wurin aiki ba.

Ranar da ta shigo ta tarar da hoton, na ja hannunta da murna na kai ta gabansa. Ta gyara tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta tsura wa tauraron ido. Can ta ce, "Amarya, wa ya ɗinka miki wannan a ƙirji?" Na kawo mata littafin ina taƙama. Ta duba, ta nemi kujera ta zauna, ta ce, "'Yata, wannan ba ado ba ne. Shaida ce, irin wadda ake yi wa shanu kafin a kai su mahauta."

Mama ta koyar da tarihi shekaru da yawa. Ta gaya mini cewa a lokacin yaƙin duniya na biyu, masu mulkin Jamus sun tilasta wa Yahudawa ɗinka wannan tauraro a tufafinsu don a gane su. Ana cusa su a taragun dabbobi, mata da yara da tsofaffi, a kai su sansanonin da aka kashe miliyoyinsu. Akwatin nan, an bar su sun ɗauka ne don su zaci za su dawo.

Da maigida ya dawo ya binciki hoton a wayarsa, ya samo na asalin. Hoton tallan wani tsohon fim ne da aka yi a zamanin yaƙin, a kan wannan zalunci. Baƙi da fari ne, babu jan baki, babu fure. Inda kuka zuba furanni, ƙaramar yarinya ce ta ƙanƙame kwat ɗin uwarta. Mai hannun kuma soja ne, da bindiga a rataye. Ba riƙe ta yake yi ba, tura ta yake yi ciki.

Alhaji, wanda ya haɗa muku bangon nan ya ga sojan. Ba yadda za a yi ya yanke mutum ba tare da ya gan shi ba. Ya ga yarinyar, ya rufe ta da fure. Ya bar hannun saboda hannun zai sayar da littafi. Maigidana mutum ne mai barkwanci, amma ranar ya kalli hannunsa ya ce, "Ashe ni ne sojan." Sai ya tashi ya sauke hoton.

Mama Tabitha ba ta sake shigowa ba. Sai daga baya na san cewa ita ma ta taɓa fita daga wani ƙauye da gudu a lokacin rikici, da akwati ɗaya da goyo a baya, kuma mijinta bai iso ba. Ban tambaye ta su wa suka kore su ba, ita ma ba ta faɗa ba. A yankin nan da wuya ka sami gidan da ba a taɓa ɗaukar akwati da gudu ba, na Musulmi ko na Kirista. Muna gaisawa ta kan katanga. Ta ce ba fushi take yi da ni ba, ƙafarta ce ta ƙi. Idan la'asar ta yi sai in share tsakar gida, in sake sharewa, in leƙa ƙofa, in ɗauki littafi in ajiye. Yanzu kowane bango na gani sai in tambayi kaina, me aka yanke a nan?

Na huɗu. Da na kira ofishinku, wanda ya ɗauka ya ce ai fim ne, ba gaske ba ne. Na sani 'yar wasa ce a hoton. Amma abin da take nunawa ya faru, kuma waɗanda suka ɗauki hoton sun ɗauka ne don duniya ta gani ta firgita. Ku kuma kuka sa mu muka gani muka yi sha'awa. Da na sake kira, wani ya ce, to ai Yahudawa ne, me ya dame ki? Ni ban iya siyasar duniya ba, kuma kada a jawo mini ita nan. Na dai san uwa idan na gan ta, na kuma san ɗiyar da ke riƙe da gefen zaninta. Addinin da aka koya mini bai ce in yi kwalliya da hawayen kowa ba.

Ga abin da nake roƙo. Ku janye bangon nan daga kasuwa, domin ba ni kaɗai ce mai kwaikwayo ba, na san wata amarya a Sabon Tasha da ta riga ta tambaye ni sunan telana. Ku daina kwaso hoto daga waya ba tare da kun san labarinsa ba. Muna da masu zane a Arewa da ke neman aiki. Sannan a sabon bugu ku ware shafi ɗaya a gaba, ku faɗa da Hausa mai sauƙi ko wace ce matar da kuka sa a bangon farko, da abin da tauraron yake nufi, da hannun waye a kafaɗarta, ku nemi afuwa.

Ina roƙon ku hanzarta. Bayan Kirsimeti ɗan Mama zai zo ya mayar da ita Kagoro wurinsa, har ta fara raba tukwanenta. Ina so kafin nan in shiga gidanta da wannan shafin in karanta mata, ta ji cewa wanda ya yi abin ya san ya yi. Idan kun ƙi, zan shiga da wannan wasiƙar. Ba ta kai shafinku ba, amma ita kaɗai nake da ita.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya tsare zuri'arka daga ranar ɗaukar akwati da gudu, ya ba ka ikon gyara abin da ya fita daga hannunka.

Wassalam.

Taka mai karatu,
Rukayya, daga Kafanchan.