Tukunyar da Bawku Ta Haramta, Yendi Ta Wajabta

Daga:
Musah Zuberu, Magatakarda,
Ƙungiyar Direbobin A-kori-kura ta Zangon Salaga,
Bakin Tasha, Salaga.

Litinin, 24 ga Maris, 1997.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Duba Lafiyar Motoci,
Mai kula da hanyar Salaga zuwa Bawku.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE MOTAR MALAM FATAWU AWUDU A YENDI SABODA TUKUNYAR TACE HAYAƘI

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, na rubuto ne a madadin ɗan ƙungiyarmu Malam Fatawu Awudu, direba mai jigilar doya daga Salaga zuwa Bawku, ya dawo da albasa. Da kansa ya so ya rubuto, muka hana shi, domin duk lokacin da ya fara ba da labarin nan sai ya shiga rantse-rantse, kuma ba irin abin da ake kai wa ofis ba ne. Ga ƙorafin nasa bi da bi.

1. A watan Agustan bara yayansa Ɗanlarai, wanda ya daɗe yana wankin kwanuka a Jamus, ya aiko masa da a-kori-kura mai shan fetur, da saƙon cewa amana ce, da ita za a riƙe tsohuwarsu da yaran gida. A ƙarƙashinta, jikin bututun hayaƙi, wato salansa, akwai wata tukunyar ƙarfe da makanikai ke kira katalis, wadda aka ce aikinta wanke hayaƙi kafin ya fita. Ƙungiya ba ta da ja da tsabta. Sai dai kafin ƙarshen shekara tukunyar ta toshe, mota ta koma nishi kamar mai tarin asma, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bi fasinjoji har cikin tufafi. A hawan tudun Nakpanduri sai an sauke kowa ya tura, wani sa'in ma Mma Asiatu mai albasa, da ciwon gwiwarta, takan riga motar isa sama ta zauna tana jira. Don kada a ce mun ɓoye alheri, muna shaida cewa tukunyar tana yin zafi har ta yi ja, kuma matan kasuwa sun gano in suka ɗora ƙullin wake da shinkafa a daidai wurin, da ɗumi suke ci a Gushegu. Iyakar amfanin da muka gani ke nan.

2. Ranar Talata, 14 ga Janairu, ana cikin azumi, jami'inku na Bawku ya tsayar da motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana fifita hannu. Mutum ne mai ilimi da haƙuri. Ya zaunar da Malam Fatawu ya fahimtar da shi cewa an ƙera tukunyar ne don fetur ɗin Turawa, namu kuwa yana da dalma a ciki, ita ce ke liƙe ƙofofin tukunyar har numfashin inji ya tsaya. Ya ce mota mai garwashi a cikinta ba za ta ƙara bin hanyarsa ba, a cire nan take. Aka cire, aka haɗa miƙaƙƙen bututu. A ranar motar ta haye Nakpanduri da kaya ba wanda ya sauka, Malam Fatawu ya iso tasha yana dariya shi kaɗai. Tukunyar kuwa bai yar ba. Ya naɗe ta a buhu ya ajiye bayan kujera, ya ce ba shi ya saya ba, ba zai zubar da gumin ɗan'uwansa a bola ba.

3. Ranar Litinin, 17 ga Fabrairu, jami'inku na Yendi ya tsayar da motar a shingensa, shi ma ya shiga ƙarƙashi. Shi ma mutum ne mai ilimi. Ya ce ƙa'ida ita ce mota ta zauna yadda ta shigo ƙasa, wanda ya rage mata ko ƙusa ya sauya mata halitta, kuma mai sauyayyiyar halitta ba za ta bi hanyarsa ba. Da aka gaya masa umarnin Bawku, sai ya ce Bawku yankin wani ne. Ranka ya daɗe, mun bincika, lalle haka ne. Abin da muka kasa samu shi ne hanyar da za a bi daga Salaga zuwa Bawku da doya ba a ratsa Yendi ba.

4. Da yake Malam Fatawu mai biyayya ne, sai ya yanke shawarar bin umarnin duka biyun. Ya yi yarjejeniya da masu walda biyu, ɗaya a kudancin Yendi, ɗaya a arewacinta. In ya taso daga Salaga, na kudu ya liƙa tukunya, mota ta ratsa gari tana tari, jami'i ya leƙa ya ga doka a wurinta, sa'an nan na arewa ya yanke ta. In zai dawo a juya. Fasinjoji suka saba, har masu koko da ƙosai suka kafa teburi a wuraren biyu. Illa ɗaya ce: kowane yanka yana cin ɗan yatsa guda na bututu, har salansa ta fara matsowa gaba kamar wandon yaro mai girma. Ban san wani direba a ƙasar nan da ya wahala wajen bin doka kamar bawan Allahn nan ba, kuma ina faɗin haka ne da ɓacin rai.

5. Ranar Alhamis, 6 ga Maris, ba tare da sanarwa ba, jami'in Yendi ya matsar da shingensa gaba da rumfar mai waldar arewa. Malam Fatawu ya taho daga Bawku da albasar Mma Asiatu, ya faɗa hannu tukunya tana cikin buhu. Aka kai motar harabar ofis. Jami'in ya sa aka kira mai walda ya mayar da ita a gabansa, ya ce a tayar da inji a bar shi yana aiki domin ya gwada hayaƙin da kansa, sa'an nan ya shiga ciki cin abinci. Malam Fatawu ya nuna wa masinjan ofis busasshiyar ciyawar da aka sa shi ya tsaya a kai, masinja ya ce shi ba a aiko shi da maganar ciyawa ba. Tukunya ta yi aikin da ta iya. Wuta ta kama ciyawa, ta bi ta cinye akurkin zabin da jami'in ke kiwo a bayan ofis. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, zabin duka sun tashi, an ce har yau ana jin kukansu a kan bishiyoyin unguwar. Malam Fatawu ya ƙone tafin hannunsa wajen tura motar daga wutar.

6. Daga ranar jami'in ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, ba za a ƙara tayar da injin motar nan a harabarsa ba muddin tukunyar na jikinta, domin ya ga abin da take yi da idonsa. Na biyu, motar ba za ta fita daga harabarsa ba in babu tukunyar a jikinta, domin ƙa'ida ba ta ƙone tare da akurki ba. Dattawan ƙungiya sun zauna a kan sharuɗɗan nan har shayi ya huce, ba su ga kuskure a ko ɗaya ba. Motar dai tana nan inda take.

7. Ranka ya daɗe, a nan zan roƙi a yi mini uzuri. Malam Fatawu ya tare a Yendi wurin wani abokinsa, kullum da safe yana zuwa ya wanke motar da ba ta zuwa ko'ina, da hannu ɗaya. Tsohuwarsa a Salaga tana tsammanin yana kan hanya ne. Kwanakin baya Ɗanlarai ya aiko yana son hoton motar, Malam Fatawu ya kira mai hoto ya tsaya a jikinta cikin rigar Sallarsa, ya ɓoye hannun a baya. Aka aika hoton, amsa ta zo ta bakin wani da ya yi waya da Ɗanlarai daga Tamale, wai ya ji daɗi ƙwarai, ƙaninsa ya zama mutum, har a harabar gwamnati yake ajiye mota. Da aka isar wa Malam Fatawu da saƙon ina wurin, ya juya ya fuskanci bango. Ga Babbar Sallah ta matso, masu raguna na Bawku da suka saba da shi sun fara neman wata motar.

Saboda haka ƙungiya tana roƙo cikin ladabi:

(a) A yanke hukunci ɗaya, a cire ko a bari, wanda zai yi aiki daga Salaga har Bawku. Kowanne aka zaɓa mun karɓa.

(b) A saki motar kafin Sallah. Malam Fatawu ya ɗauki alkawarin gina sabon akurki da hannunsa in ya warke, kamo zabin ne dai ba zai iya lamuni ba.

(c) In hukuncin zai ɗauki lokaci, muna sanar da ofis cewa mun sake duba sharuɗɗan biyu, ba mu ga inda aka hana tura mota da tukunyarta a jiki, injinta a kashe ba. Mma Asiatu ta ce ita da matan kasuwa sun yi wata da watanni suna koyon aikin nan a Nakpanduri, kuma ƙofar ofishin Yendi kuwa gangara ce. Za su iso ranar Laraba, 2 ga Afrilu, da hantsi. Abin da muke roƙo kawai a sa masinja ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, domin birkin motar ba ya kamawa sosai in inji ba ya aiki.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira, ya sa a gama aiki lafiya.

Naka mai biyayya,

Musah Zuberu,
Magatakarda, a madadin Malam Fatawu Awudu, wanda bai sa hannu ba saboda hannun yana naɗe.