Inna, Laminu Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ladabi daga babbar 'yarki, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta kaiwa inda kike, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, domin an yi mini tambayar da ke kaɗai ke da amsarta.

Laminu yana asibiti. Kada hankalinki ya tashi, yana magana, yana cin abinci, har ya fara ƙorafin miyata ba gishiri. Hannunsa na hagu ya karye, an ɗaure shi. Idon dama kuma likita ya rufe da bandeji, ya ce sai Asabar zai buɗe ya ga abin da ya saura. Na bi shi har waje na tambaye shi da Faransanci, ko zai fi faɗa mini gaskiya. Ya maimaita mini da Faransanci abin da ya faɗa wa kowa da Hausa.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Alhamis da hantsi, Laminu yana bakin kasuwa kan aikinsa na ɗan sanda, yana ba motoci hannu. Wata mata mai suna Saude, daga wajen Dakusa, ta kawo gyaɗa. Ta ga wata yarinya 'yar kamar shekara biyu ita kaɗai tana kuka, sai ta ɗauke ta ta goya, ta shiga bin rumfuna tana neman uwarta. Wani ya gane yarinyar, bai gane bayan da take kai ba. Ya yi ihu an saci ɗiya. Kin san kasuwarmu, Inna. Kafin Saude ta buɗe baki, mutanen da ba su san ko wace yarinya ake magana ba sun riga sun sami dutse.

Laminu ya ratsa su ya kama hannunta, ya tura ta cikin shagon wani tela, ya ja ƙofar ƙarfen, ya tsaya a gaba. Yarinyar tana bayanta har lokacin. Wato masu ceton yarinya suna jifan inda yarinyar take. Bindigarsa tana ƙugunsa, bai taɓa ta ba. Telan, wanda ya laɓe bayan kekensa, ya ce abu ɗaya ya ji Laminu yana ta maimaitawa: "Ku kawo uwar yarinyar, ni da ku mu ji daga bakinta." Wani ya maka masa katako a hannu. Dutsen da ya sami idon ya zo daga baya. Ya durƙusa, ya sake miƙewa, ya jingina bayansa da ƙofar, a haka motar 'yan sanda daga komisariya ta same shi. Uwar yarinyar ta iso tana haki, ta ce ɗiyar ce ta sulale mata tana cinikin tumatir. Nan take kowa ya tuna yana da abin yi a wani wuri.

Washegari ina ba shi koko, ya juyo da idon da ke buɗe ya ce, "Yaya, da Inna tana nan, me za ta ce?" Na ce masa ya sha kafin ya huce. Na fita baranda na yi ta kai da komowa har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko wani abu na yar.

Kin san dalilin tambayar. Ranar da ya ci jarrabawar konkur ta shiga aikin ɗan sanda, ya shigo gida da gudu da takardar a hannu. Kina tankaɗe. Kika ce "To," kika ci gaba da tankaɗenki. Daga baya kika ce mini, "Ban goya ɗa shekara biyu don ya riƙa hura wa manyansa usur ba." Kina da hujjarki. Wani mai kaki ya taɓa sa ƙafa ya ture miki faifan ƙuli-ƙuli a bakin hanya, kika tsince su ɗaya-ɗaya cikin yashi mutane suna kallo. Ba ki san sunansa ba, sai kika riƙe kakin gaba ɗaya.

Shekara shida yana cire hula da rigar aiki a zaure kafin ya shigo ya gaishe ki. Ba ki taɓa hana shi tuwo ba, ke kike ajiye masa ƙanzo. Amma ni da na kawo takardar jami'a kin dafa kaina kin ce Allah ya yi albarka. Kin sa wa mai kawo mana ruwa albarka, kin sa wa maƙwabcin da ya gyara mana indararo. Shi kuwa in zai fita aiki, "Allah ya kiyaye" kawai yake samu. Na ɗauka bai lura ba. Ashe lissafe yake da shi, har kika tafi.

Yanzu kowa yana yabonsa. Komiser, shugabansu, ya zo da mai ɗaukar hoto, ya karanta takardar yabo, ya ce ana maganar lambar girma daga Yamai. Sai da aka sake karatun saboda hoton farko bai fito ba. Ban raina ba, Inna, ya cancanta, kuma na ga yadda ya yi ƙoƙarin gyara zama da karyayyen hannu. Mutanen unguwarmu ta Birni ma suna ta zuwa dubiya da lemo da madara. Kusan kowane namiji da ya shigo ya ce yana wurin, kuma shi raba mutane yake yi. Na ƙirga masu rabon, na rasa wanda ya rage ya yi jifa. Laminu yana amsa gaisuwarsu duka. Na tambaye shi ko ya gane wasu, ya ce in miƙo masa ruwa. Gidanmu ɗaya, dabararmu ta kauce wa tambaya ɗaya.

Ni ma ba zan wanke kaina a gabanki ba. Makon da ya gabaci abin, wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyin matan unguwa, wai masu satar yara sun shigo gari, wai mata ne da shigar ƙauye. Ina buro, wurin aikina, na saurara, na taɓe baki, na ce jahilci. Sannan na tura wa Sa'a ƙanwarmu, na ce ta dai kula da yaranta. Ke da ba ki shiga lakwal kin yi boko ba, da kin tambaya wa ya gani da idonsa. Ni mai takardu na tura.

Saude ba ta koma gida ba. Kullum tana zuwa ta zauna gindin bishiyar da ke ƙofar ɗakin marasa lafiya, kunya ta hana ta shiga. Jiya na fita na zauna kusa da ita. Ta miƙo mini ƙullin gyaɗa ta ce a ba shi, wai tana ƙara jini. Har yanzu ba ta gane laifin da ta yi ba. Ta ce, "Baiwar Allah, yarinya tana kuka cikin rana, ƙasa da zafi, ba takalmi. To in wuce? Mu a garinmu in ka tsinci ɗa, goya shi kake yi ka bi gida-gida kana cigiya. In ka riƙe shi a hannu ai sai ya ƙara firgita."

Tana faɗa na tuno bayanki da goyo. Ina da shekara bakwai ko takwas, mun je kasuwa sayen daddawa, kika tsinci wata yarinya tana kuka kusa da masu tukwane. Ba ki tambayi kowa ba. Kika kwance mayafinki kika goya ta, kika ba ni kwandon, muka yi ta zagaya kina ɗaga murya irin ta mutanen ƙauyenku Guna da ba ki taɓa bari ba, "Wa ya yar da ɗiya? Ga ta nan ta yi barci!" Ni kunya ta ishe ni, ina ja da baya kada a ce tare muke. Da uwar ta fito, faɗa kika fara yi mata kafin ki kwance goyon. Aka yi dariya, aka watse.

Da ranar Alhamis ɗin nan ce kika yi haka, Inna, ke za a tura shagon tela. Da zanenki na ƙauye da muryarki, ba wanda zai tsaya ya ji ke matar wane ce a Birni. Kuma cikin kasuwa guda, mutum ɗaya ne zai tsaya miki a ƙofa, sanye da rigar da kika ƙi kallo.

Ban san ko wannan ya isa ya sauya miki ra'ayi ba. Ke ba mai saurin saukowa ba ce, ni shaida ce. Wataƙila ki ce wancan da ya ture miki faifai har yanzu bai ba ki haƙuri ba. Gaskiyarki. Amma na san abin da kike yi wa duk wanda ya rufa wa mace asiri a bainar jama'a, ko baƙo ne, balle wanda kika haifa.

Don haka izini nake nema. Ba na so a buɗe bandejin nan yana jiran amsa, domin ban san abin da za a tarar a ƙarƙashinsa ba, kuma ban san ko za su bar shi a aikin ba idan idon ya tafi. Yau da la'asar zan koma, zan kori masu dubiya, in zauna a bakin gadon in ce masa, "Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, kai da aikinka." Zai san ba ki aiko ni ba, ba yaro ba ne. Ina jin duk da haka zai karɓa. Idan na yi miki ƙarya ki yafe mini, amma a raina ban ji na yi ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah ya mayar da Saude gidanta lafiya, kada abin nan ya hana ta ɗaukar ɗan wani in ta gan shi yana kuka. Allah ya bar wa ƙanena idonsa.

Taki har kullum,
Rakiya