Amshin Kawu a Kunnen Dama

Laraba da dare, Kunci

"Ke, yi shiru, yana magana," in ji Gwaggo, ta ɗaga min hannu.

Tsohon faifan da mijinta, marigayi Kawu, ya yi amshi a ciki na kawo mata a waya, muka raba iyafis, abin sawa a kunne, ni hagu, ita dama. Ashe mai situdiyon ya tura mawaƙin da kalangunsa duk hagu, ya bar 'yan amshi su kaɗai a dama. Ni waƙar noma nake ji. Ita kuwa shiru take ji, can sai muryar mijinta ta faɗo, sai kuma shiru.

Cikin shirun ta fara sako nata zancen. "Malam, an sayar da jan san nan." Ya amsa. "Ƙafar ta hana ni barci." Ya amsa.

Na zuba mata bayanin hagu da dama, da duk ilimina na jami'a. Ta ce, "To riƙe mawaƙin naki, dama surutu gare shi."

Na san waƙar. Amshin ƙarshe shi ne, "taso mu tafi, rana ta yi." Ga shi kwana biyun nan ko kunu ba ta sha. Na kai hannu zan kashe, ta dafe wayar da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Malam," ta ce a hankali, "ni kuma yaushe?"

Na cire nawa iyafis ɗin na ajiye a kan tabarma. Ba ta dube ni ba ta ce in ja mata ƙofa. Na ja, ta rufu, na taho gida babu waya.