Ƙyalle a Lambun Akawu

Zuwa ga Akawu, mijin ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Auta, da fatan kuna lafiya, ku da tumatirinku. Tela ne yake rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

An karanta mini takardarka. Wai karyata Ƙyalle ce take jan karnukan unguwa suna tattake maka dashe, wai in ban ɗaure ta ba za ka kira masu kama karnuka. Akawu, ka ji tsoron Allah. Ƙyalle ta tsufa kamar ni. Tun da gwiwa ta raba ni da farauta na dawo gidan ɗana, tana nan kwance a gindin kujerata, ko ƙuda ba ta kora. Ina ta ga ƙarfin haye rafi zuwa lambunka?

Bari kuma in tuna maka. Wurin da ka kewaye da waya hanyarmu ce ta shiga daji. A gindin babbar bishiyar nan mafarauta suke taruwa tun kana yawo ba wando. Ba zan ɗaure karya a kan laifin da ba ta yi ba.

Ka huta lafiya.
Yayanku

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina sanar da kai cewa karyar da ba ta iya korar ƙuda tana hannuna. Jiya da rana tsaka, lokacin da na tabbata kana sharar barci, ta kutso ta ƙarƙashin waya, karnuka na biye da ita kamar masu rakiyar amarya. Ma'aikatana sun kama ta, sauran suka tsere.

Kullum haka ake yi, kuma kullum a lokaci guda. Na yi wa mahauci magana a kan karensa, ya ce in shinge ya dame ni in cire. Mai gyaran keke ya ce in kai ƙara. Dashena kuwa rabi ya tafi.

Tana ɗakin ajiya, ana ba ta abinci da ruwa. Idan ba a sami mafita ba zuwa ƙarshen mako, zan miƙa ta. Ka san waɗannan mutane ba sa dawo da kare. Ba da son raina ba ne.

Naka cikin ladabi,
Akawu

*

Akawu,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice.

Na farka ban ga Ƙyalle ba, na ce sace ta aka yi, ashe ɓarawon ma na gida ne. Ban san abin da ya kai ta wurinka ba. Karyar nan ba ta taɓa zuwa inda ba a kira ta ba.

Ka duba kafaɗarta ta hagu, za ka ga tabo. Ranar da aladen daji ya kayar da ni, bindigata ta faɗa cikin ƙaya, ita ta shiga tsakaninmu. Ni na ɗauko ta a wuya har gida, jininta na bin bayana. Auta ce ta wanke mata ciwon, tambaye ta. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu, karyar nan kaɗai ke sauraron labarina ba ta ce ta taɓa ji ba.

Tela ya ce in ce maka don Allah. Na ce ya rubuta, amma da ƙananan baƙaƙe. Don Allah, Akawu, kada ka miƙa ta.

Yayanku

*

Yaya na kaina,

Ina gaishe ka, ya gwiwa? Ni ce Auta. Ina rubutu ina dariya.

Ka san ba na zuwa lambu, gidanmu da nisa. Yau na ce sai na je na ga Ƙyalle da idona. Ina zaune ina shafa mata kai sai rana ta take, Akawu ya shigo ya ciro wani abu daga jikin ƙusa, ya fita, ya kumbura kumatu ya busa. Yaya, karyar nan ta tsinke igiya ta fita kamar 'yar kwikwiyo, ta je gabansa ta tsuguna tana kaɗa wutsiya. Kafin ya sauke hannu, ga karen mahauci, ga na mai gyaran keke, duk sun yi layi suna kallon bakinsa.

Ƙahonka ne, Yaya! Wanda ka ba ni ajiya da ka bar farauta. Ya tsince shi a cikin kayana, ya ga ya fi kururuwa sauƙi wajen kiran ma'aikata cin abinci. Na ce, "Maigida, kai kake gayyatar su, sun zo kuma kana kai ƙararsu?" Ya tsaya da ƙaho a hannu, ya ce, "Ai ba a rubuta a jikinsa ba."

Kai ma da kunnenka yana ji, da tuni ka gane. Kada ka ce mini lafiyarsa ƙalau.

Ƙanwarka

*

Zuwa ga Akawu, sabon sarkin farauta,

Ina gaisuwa, ranka ya daɗe! Na yi dariya har tela ya soke yatsa da allura.

Babu karen farauta a unguwar nan da bai tashi da muryar ƙahon nan ba, su da iyayensu. Doguwar busa tana nufin a taru, za a shiga daji. Kai ka tara su, ka bar su ba umarni, to me za su yi? Sai su bazu cikin tumatir suna neman zomo. Bayin Allah, aikinsu suke yi.

Akwai busar sallama. Gajeru ne, a jere, kana toshe bakin ƙahon da tafin hannu. In ka yi ta kowa zai kama hanyar gida.

Ka faɗa wa Auta kunnena ƙalau yake. Busarka ce ba ta da ƙarfi.

Yayanku

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, na janye maganar masu kama karnuka, na kuma ba mahauci haƙuri.

Na gwada busar sallama kamar yadda ka tsara. Karnukan ba su tafi ba, ƙaruwa suka yi. Bayansu kuma sai ga tsofaffi biyu da sanduna da goran ruwa, suna haki, suna tambaya wane daji za a shiga. Sun ƙi tafiya, suna gindin bishiya suna ba ma'aikatana labari, aiki ya tsaya. Ƙyalle na tsakiyarsu.

Na roƙe ka, ka zo ka sallami jama'arka.

Akawu

*

Akawu,

Ina gaisuwa. Abin da ka busa ba sallama ba ce, cewa ka yi an ga babban nama. Ajiye ƙahon nan kafin ka tara mana gari.

Ɗana zai kawo ni a babur. Ka ce wa tsofaffin nan kada wanda ya motsa, ka sa a kai mini tabarma gindin bishiya. Zan sallame su, amma ba da wuri ba.

Yayanku