Rabin Maganin Sadiku

Assalamu alaikum Yaya Hadiza, ƙanwarki Binta ce. Ya gida, ya Malam da yara? Yaya, so nake ki zo. Kwanan Sadiku shida a asibiti, ba mai kama mini.

Kin tuna zuwanki Ƙofar Doka, shi da ɗan Ladi maƙwabciyata suna zawo, kika ce in raba maganinsa biyu, ba a hana maƙwabci magani? Na raba. Nata ya warke, nawa cutar ta dawo, yanzu ba ta jin maganin.

Na ce wa likita, ba cuta ɗaya ba ce? Ta ce ƙwayar cuta ma asali gare ta kamar mutane. Tasa da ta sha rabin magani ta sake hali sau biyu. Wai a wata zuriyar ƙwayar halayen biyu kan karya juna, a tasa ƙarfi suka ƙara wa juna. Ni dai na ga ko nono ba ya kamawa.

Ki sa shi a addu'a, ki gai da kowa. Na faɗa wa babansa da Inna ni na raba. Ban ambaci sunanki ba.