Alkamar da Na Kulle a Ɗaki

Zuwa ga Yaya Dattijo, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Yaya, ka yi mini afuwa tun kafin ka karanta, domin na san hidimar da ke kanka a can, ga ciwon gwiwar da aka ce ya sake taso maka, ban so in ɗora maka tawa damuwar ba. Da maganar waya ce da na kira ka, amma ka san gidanmu, in mutum ya ɗaga waya a tsakar gida har maƙwabta sai sun ji amsar da aka ba shi. Shi ya sa na rubuta, na ba direban motar albasar nan da ke zuwa wajenku, na roƙe shi ya sa maka a hannu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya nuna mana azumin nan da rai da lafiya.

Mu nan Bunkure sai godiya. Bana an saki ruwa a kanal da wuri, gonaki sun yi kore shar, alkama ta fara fitar da kai. Tumatir kuwa ya yi yawa har ya rasa daraja, motoci suna lodi a Kadawa, masu shi suna ta ƙorafi kamar kullum. Jikarka Rauda ta fara magana sosai, duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ina takalminsa. An gyara katangar maƙabarta, na kuma sa an zuba ƙasa a kabarin Inna inda damina ta zaftare.

Maganar da ta sa na rubuta ta shafi sadakar Inna ce. Tun rasuwarta, ka san yadda muka tsara: kasonka na alkamar gona a ajiye shi, in Sha'aban ya kama in raba wa gidajen da ta saba bai wa, su samu na alkubus da funkaso a azumi. Bara kuwa an sayar da alkamar gaba ɗaya aka yi rufin ɗakuna, da izininka, saboda haka na san rumbu babu komai, har na fara tunanin in raba gero a madadinta. Sai ga ɗanka Zaharaddini ya shigo mini da buhu a kan babur, ya ce ga alkamar sadaka, kai ka ce ya nemo. Na yi murna, na sa masa albarka. Abin da na fara lura da shi kawai shi ne buhun na sukari ne, kuma alkamar da ɗan danshi-danshi, kamar wadda aka wanke aka shanya ba ta gama bushewa ba.

Washegari na zuba a faifai zan tsince. Ka san ƙwayar alkama da tsaga a cikinta. To, Yaya, a cikin tsagar nan nake ganin wani ja-ja, ruwan hoda, ba a kowace ƙwaya ba, amma in ka ɗebi tafi guda ba za ka rasa ba. Na fita da faifan rana na duba, na goge idona na sake dubawa. Na san launin nan. Shi ne a jikin irin shukar da ƙungiyar manoma ta raba farkon rani, wanda aka cuɗanya da magani don kada ƙwari da tsuntsaye su ci, aka kuma yi ta gargaɗi cewa ba na ci ba ne. Zaharaddini ya karɓi irin da zai ishi gonar duka. Ni kuma da na bi ta bakin gonar zan je gaisuwa ruga, na ga rabi ne alkama, rabin ya sa tumatir. Ban tambaye shi ina ragowar irin ba a lokacin, domin ba hurumina ba ne.

Ina cikin tsintar nan matarsa Nafisat ta shigo da Rauda. Yarinyar ta miƙa hannu ta damƙi alkama ta kai baki, yadda yara ke yi. Ban taɓa ganin Nafisat ta yi sauri irin na ranar ba. Ta buge hannun, ta sa yatsa ta ƙwaƙulo abin da ke bakin, ta ja ta bakin rariya ta wanke mata baki har yarinyar na kuka. Da ta juyo muka haɗa ido, sai ta ce ai ɗanyar alkama tana ƙulle cikin yara. Ta ƙi zama, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban gani ba, don kada in zalunci yaron nan a wurin mahaifinsa. Ban ga ya wanke iri ba. Ban ga buhun da aka juye ba. Mai yiwuwa a kasuwa ya saya, wani marar tsoron Allah ya cuce shi bai sani ba. Mai yiwuwa kuma ya yi, amma da zuciya ɗaya, yana ganin in an wanke shi ke nan magani ya fita, ga iri zai lalace a banza, gara mabukata su ci. Ita ma Nafisat, uwa ce, tana iya buge hannun 'yarta a kan ƙasa ma. Duk na auna waɗannan, kuma ina so ɗaya daga ciki ya zama shi ne gaskiya. Ni na goya Zaharaddini lokacin da mahaifiyarsa take jinya, ban san shi da mugunta ba. Na dai san shi da gaggawa, da ƙin a ce ya kasa.

Na kira shi ɗakina mu biyu, na rufe ƙofa, na tambaye shi a hankali inda ya samo alkamar. Ya ce kasuwa. Na ce wace kasuwa, Kura ko Garun Malam, wurin wa? Sai ya yi dariya yana wasa da makullin babur, ya ce yaushe Gwaggo ta zama alƙali ba a gaya masa ba. Na nuna masa jan da ke tsagar, ya duba kamar bai duba ba, ya ce ƙasar wurin shanya ce. Da na ci gaba da kallonsa, sai ya ce, “Gwaggo, alkama alkama ce. In rabon ya yi miki nauyi, zan zo in ɗauka in raba da kaina kafin a ga wata.” Bai rantse ba, ni kuma ban sa shi ya rantse ba, don ina tsoron in tura shi ga abin da ya fi wannan muni.

Na kuma tambayi Cornelius, mijin maƙwabciyarmu Sabina, wanda ke yi wa mutane feshi a gonaki, ban ambaci sunan kowa ba. Na ce masa in an wanke iri mai magani da kyau, ana iya ci? Ya yi mini ba'a wai ko Mama za ta shiga noman rani ne, sannan ya bar dariya ya ce shi dai ko kajinsa ba zai ba su ba, wannan na ƙasa ne, ba na ciki ba. Ya ce wani maganin ba ya nuna illarsa nan take, sai a hankali, musamman a jikin yara da masu juna biyu. A gidajen da nake kai wa sadakar nan, Yaya, akwai masu ciki, akwai masu goyo, akwai tsofaffin da da ƙyar suke kai azumin.

Tun daga ranar na ja buhun ƙuryar ɗaki na kulle, makullin yana ɗaure a bakin zanena. To, sai zargin ya juyo kaina. Mutane sun ga an shigo da buhu, sun ga Sha'aban yana tafiya, ba su ga kwano ya fita ba. Yaya Baraka 'yar Baffa ta faɗa a gidan suna, a gaban mata, wai alkamar Inna ta shiga takaba a ɗakin Iyatu, sai ta cika kwanakinta za ta fito. Aka yi dariya, ni ma na murmusa. Wata kuma ta ce ai mai hankali ba ya raba alkama ana gab da azumi, lokacin da take tsada. Na ji, na haɗiye. Kalma ɗaya za ta wanke ni, amma kalmar nan a kan ɗanka za ta sauka, kuma in ta fita ba ta dawowa. A garin nan in aka ce Zaharaddini ya kawo guba a sadakar kakarsa, ko jikokinsa sai an goranta musu.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne zuwan Sabina. Ka tuna Inna ba ta taɓa tsallake gidansu ba tun da suka zo daga Filato, tana cewa maƙwabci maƙwabci ne. Sabina ta shigo da kwanonta a cikin zane kamar kowace shekara, tana ba ni labarin yadda 'yarta Emmanuella ta iya alkubus yanzu har ta fi ta. Na auna mata gero daga nawa. Na so in ce alkamar ba ta iso ba, bakina ya ƙi, domin ta iso. Sai na ce mata ba zan iya ba ta alkama yanzu ba, kuma kada ta tambaye ni dalili. Ta daɗe tana kallon geron, sannan ta ce, “Mama, ko mun yi wani laifi ne?” Na rantse mata ba su yi ba. Ta yi godiya ta tafi, amma na ga abin da ta tafi da shi a ranta, tana zaton an fara ware su ne.

Yaya, ni ba mai ilimi ba ce, abin da Baba ya koya mana a allo da abin da na gani a hannun Inna, da su nake tafiya. Tun ina budurwa na ɗaure wa kaina cewa ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba a kan mutum, kuma ba zan miƙa wa wani abin da ni ba zan ci ba. Ka tuna Inna ko kunun sadaka ne sai ta kurɓa kafin ya fita. Daga baya, da na ga rayuwa, na ƙara da cewa hannuna ba zai zama hanyar da cuta za ta bi ta isa ga wani ba, ko da da sunan alheri ne. Shekara da shekaru ina ɗauka waɗannan abu ɗaya ne, ban san za su iya jan mutum gabas da yamma ba sai bana. In na raba, na yi kyauta, amma ƙila na cutar. In na faɗi dalili, na wanke kaina, amma ƙila na yi ƙazafi. An hane mu da yawan zato, na sani, ina kuma neman gafara a kansa bayan kowace salla. Inda na tsaya bayan dogon tunani shi ne, zaton da nake da shi ya isa ya riƙe hannuna, amma bai isa ya buɗe bakina ba. Kai kaɗai na gaya wa, don kai ne uban yaron, kai ne kuma mai sadakar.

Ga abin da nake roƙo. Ka kira Zaharaddini, ba da faɗa ba, ka tambaye shi tsakaninka da shi. Abin da zai ji kunyar gaya mini ƙila ya gaya maka. Kada ka ambaci Nafisat, kada in haɗa ta da mijinta. Ko me ya ce maka, ina neman izininka a bar alkamar nan a ajiye, in rani ya zagayo a shuka ta, abin da Allah ya fitar a yi sadakar Inna da shi. In iri ce, ta koma inda aka yi ta domin shi. In ba iri ba ce, ba a yi asarar komai ba sai jinkiri, kuma babu wanda aka kunyata. Bana zan raba gerona, ya isa gidajen ko da kaɗan-kaɗan ne.

In ka yarda, zan iya fita in ce wa Yaya Baraka da Sabina da kowa, mai alkama ya ce a ajiye ta don shuka, magana ta mutu a nan. Na san zan iya faɗin haka tun yau, babu mai tuhumata, kai ma ba za ka ƙaryata ni ba. Amma ba ka ce ba tukuna, kuma ba zan ce ka ce ba sai ka ce. In kuma yaron ya riga amsarka zuwa ɗaukar buhun, ina sanar da kai tun yanzu ba zan ba shi makulli ba, ko da zai kai ga mutane su taru a tsakar gida. A ranar ban san abin da zan ce musu ba, shi ne abin da nake tsoro.

Ka gaishe mini da Nana Aisha, ka ce ina nan ina yi mata addu'a a kan hawan jinin. Ka gaida Abdulrauf da amaryarsa, da Tambaya da yaranta, da duk 'yan uwa na zango da suka san mu. Mutanen gida duk suna gaishe ka, ba su san na rubuta ba.

Don Allah, Yaya, da takardar nan ta shiga hannunka ka ba ni amsa, kada ka jira direban ya juyo. Ko ta waya ce, ka ce mini “a ajiye” kawai, zan gane. Watan ya kusa.

Wassalam. Ƙanwarka,
Iyatu.