Ni Nake Riƙe Mata Agogo

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, don mu Hausawan Doha ba mu da yawa, ko tari ka yi a Ain Khaled kafin la'asar an ji a Al Rayyan. Sunan da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku taimaka ku ba ni da wuri, don daga ranar Alhamis ɗin nan shawarar ba za ta yi min amfani ba.

Ni injiniya ne, ina aiki a wani kamfanin gas a nan. Matata, bari in kira ta Maman Amir, mun yi aure a Zariya tana koyarwa a wata sakandare, da na sami aikin nan ta ajiye alli ta biyo ni. Tun tana 'yar makaranta lauya take son zama, ta nemi kwas ɗin a jami'a aka ba ta wani daban, ta karɓa don kada ta zauna a gida. Kuma wallahi ta dace da aikin, duk wanda ya taɓa musu da ita ya sani, ni kam na daɗe da sallamawa, da na ji ta fara "to amma ɗazu ai cewa ka yi" sai in nemi makullin mota. Shekarun da muka yi a nan daga kicin sai kai yara makaranta, ba ta taɓa yi min gori ba, amma ina ganin yadda take tsayawa da aiki in ana nuna kotu a talabijin.

Bara yayanta da ke Kanada ya ce mata da digirin da take da shi za ta iya shiga makarantar koyon aikin lauya a can, ta zauna a gidansa ita da yara, in dai ta ci jarrabawar shiga. Ta kawo min maganar tana ta kame-kame, ni kuwa na buɗe baki na ce ta yi, ai ta yi min hidima, lokacinta ne. Na faɗa da zuciya ɗaya, Allah ne shaida. Jarrabawar ba ta tambayar doka ko ɗaya, dogayen rubuce-rubuce ne na Turanci da hujjoji, a ce ka nemo inda hujjar ta yi rauni, kuma kowane sashe minti talatin da biyar ne, lokaci na cika kwamfuta ta rufe ko kana tsakiyar jimla. To nan matsalar take. Maman Amir tana ganewa sarai, in ta amsa tambaya da wuya ta kuskure, amma tana da nawa, sai ta karanta abu sau biyu, tana ja masa layi tana motsa leɓe kamar mai tilawa.

Da farko a kwamfuta take gwaji, agogo na gefe yana tafiya, sai idonta ya koma kan agogon, ta tashi ba ta yi rabi ba. Wata rana na dawo daga aiki na tarar ta sha kuka har ido ya kumbura, ta ce ita dai ta haƙura, ƙwaƙwalwarta ta yi tsatsa a gidan nan. Na lallashe ta. Ita ce da kanta ta kawo dabara, ta ce ta riƙa buga tambayoyin a takarda, ni in zauna bayanta da wayata in riƙe lokaci, in ce ta fara, in ce ta tsaya, ita ba za ta ga agogo ba sam har sai ta saba. Muka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci da kuma safiyar Asabar, yara a ɗaki suna kallon katun, ita a teburin cin abinci, ni a kujera da kofin shayin karak ina hura hanci wai ni mai gadin jarrabawa.

Ranar farko lokaci ya cika saura mata 'yan tambayoyi. Na ɗaga kai zan yi magana, sai na ga ƙeyarta, ta duƙufa, mayafi ya zame ba ta ma sani ba, fensir na tafiya. Na tuna idon nan da ya kumbura, sai na fasa. Na ce a raina bari dai ta ƙarasa wannan, yau ɗaya ce, ta sami ƙwarin gwiwa. Na bari sai da na ga ta kai ta ƙarshe sannan na ce, "Khalas, lokaci ya yi." Ta juyo ta ce, "Abban Amir na gama? Da gaske na gama a cikin lokaci?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta yi tsalle kamar yarinya, har yara suka fito suna tambayar me aka samu. Ranar har dambun nama aka fito min da shi daga inda ake ɓoye wa baƙi.

'Yan uwa yau ɗaya ɗin nan ita ce har yanzu ba ta ƙare ba, watanni ke nan. Na daina kallon waya, fensirinta nake kallo, in na ga ta kusa ƙasan shafin ƙarshe sai in yi gyaran murya in ce yalla maza saura kaɗan, tana sa amsar ƙarshe in ce lokaci ya yi. Wani lokaci ƙarin kaɗan ne, wani lokaci har kunya nake ji in duba. Kullum cewa nake yi mako mai zuwa zan fara ragewa a hankali har mu dawo daidai ba ta sani ba, mako ya zo ta zauna da murnarta in kasa. Ita take duba amsoshinta da kanta, maki na ta hawa, tana tura wa yayanta yana cewa da wannan ai makarantu ne za su yi rububinta. Akwai wani aji na onlayin da ake koyar da dabarun sauri, har ta yi niyyar shiga, daga baya ta ce ba ta ga amfaninsa ba tunda ga shi tana gamawa, ni kuma ina zaune na gyaɗa kai. Mahaifinta, dattijon da ya fi kowa jin zafin kwas ɗin da aka hana ta, yanzu in ya kira waya ba ya cewa a ba shi ita, sai ya ce, "Ina Baristar tawa?" In na gaishe shi ya yi ta sa min albarka, wai samun miji irina sai an tona. Duk sanda ya faɗa sai in ji kamar in nutse.

Makonni biyu da suka wuce na yi ta maza, na ce yau gaskiya zan yi. Lokaci na cika na ce ta tsaya. Ta juyo tana kallona, ta kalli takardar, kusan shafi guda ba ta taɓa ba. Na zaci za ta ce in nuna mata wayar, har na shirya, da ta tambaya da na huta. Ba ta tambaya ba. Ta ce laifinta ne, ta fara jin kanta, kwana biyu ta rage addu'a, Allah ne ya nuna mata iyakarta. Ta tashi ta yi alwala ta yi nafila, ta dawo ta ba ni haƙuri wai ta ɓata min hutun Asabar a banza. Da ta zauna sashe na biyu sai na koma halina na bar ta ta gama, ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi ashe tuntuɓe ne kawai.

Yanzu jarrabawar saura kwana kaɗan. In za a ɗaga zuwa zama na gaba sai kafin Alhamis, kuma zaman na gaba har yanzu zai riski neman gurbin bana, ga watanni a tsakani da za ta iya gyara saurinta. In kuwa ta shiga wannan ta faɗi, kafin sakamako ya fito an rufe rajistar na gaban, shekara ta tafi, kuma mugun makin yana nan makarantu za su gani. Ita kullum maganarta shekaru ba sa jiran ta, na san halinta, in ta faɗi bayan duk wannan shelar ba za ta sake ɗaukar fensir ba.

Shi ya sa shekaranjiya na bi ta bayan gida, na ce me zai hana ta ɗaga don ta ƙara shiri. Nan aka yi ta. Ta ce wane shiri kuma, ba ni ne nake riƙe agogo ba, ba da bakina nake cewa ta gama a kan lokaci ba, in kawo mata hujja ɗaya. Na ce kwamfuta daban takarda daban, ta ce ai yanzu tsoron agogo ya fita daga ranta tunda ta san saurinta. Na kawo zancen yara, ta rushe shi, na kawo zancen aikina, ta rushe shi, mutumin da ya yi watanni yana koyon gano raunin hujja ai ba a zuwa masa da irin nawa. Ƙarshe ta ɗaure fuska ta ce in fito fili kawai, ko dai tun farko ba na so ta tafi ne. Na yi fushi sosai, na ɗaga murya, na lissafa mata duk Asabar ɗin da na hana kaina barci, na fice. Da na dawo ita ce ta tare ni a ƙofa tana hawaye, ta ce in yafe mata, shaiɗan ne, a ce ta zargi mutumin da ya tsaya mata irin haka. Na ce ba komai na yafe. Ku ji fa, ni ne har da yafewa.

Jiya na je Al Rayyan wajen wani babban yayanmu likita, mutum ne mai faɗin gaskiya ko ba daɗi. Na ba shi labarin a matsayin na wani abokin aikina. Ya saurara yana juya shayi, ya ce, "Injiniya, wannan abokin naka ko dai tausayinsa ya fi hankalinsa, ko kuma mugu ne mai wayo. Ka tambaye shi, in ta faɗi me zai rasa?" Na yi dariyar yaƙe na canza zance, amma a mota na kasa tayar da inji, don na san amsar. Ba abin da zan rasa. In ta faɗi tana nan, in dawo daga aiki in tarar da gida da ƙamshi, yara a gabana, ba ni kaɗai a falo ina cin abincin leda ina jiran gari ya waye a Kanada in kira waya ba. Na tuna ranar da take nuna min rigunan sanyi a waya tana tambayata wace kala, ina cewa wannan ta fi, kuma raina kwance lafiya lau, ko ɗigon fargabar rabuwa babu. A lokacin na ɗauka ƙarfin hali ne. Yanzu ina zargin kwanciyar hankalin wanda ya san ba inda za a je ne. Wallahi ranar farko tausayi ne, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai, amma na sauran watannin ba zan iya rantsewa ba, kuma wannan ne yake hana ni sukuni.

To ga inda nake. In na faɗa mata kafin Alhamis za ta iya ɗagawa, ta shiga ajin nan, wataƙila ta ci, don basira kam akwai. Amma za ta san duk murnar da ta yi ƙarya ce, duk makin da ta tura wa yayanta na bogi ne, nafilar da ta yi tana tuhumar kanta da haƙurin da ta ba ni a ƙofa duk a kan ƙaryata ne, kuma tambayar da ta yi min cikin fushi za ta dawo, wannan karon ba ni da bakin musu. Ina tsoron ta fasa jarrabawar gaba ɗaya, ina tsoron ta daina yarda da ko gaisuwata. Na yi tunanin in kira yayanta in roƙe shi ya sa ta ɗaga ba tare da ya faɗi dalili ba, amma wannan wata ƙaryar ce a kan ta farko, kuma ko ta ɗaga ni za ta sake miƙa wa agogon.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman mata, ku da kuka san zuciyar 'yar uwarku. In faɗa mata duka har da zargin da nake yi wa kaina, ko in tsaya a kan tausayin kawai? In faɗa mata mu biyu, ko in nemi wani babba ya zauna? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da mafita. Abin da na kasa ɗauka shi ne in yi shiru ta shiga ɗakin nan da murmushinta, kwamfuta ta rufe mata tana tsakiyar karatu, ta fito ba ta san me ya same ta ba. Don na san inda za ta nufa, ni ne zan kasance a mota ina jiran ta, a kafaɗata za ta kifa kai ta ce ta ba ni kunya, ni kuma in shafa bayanta in ce ta yi haƙuri haka Allah ya so.